Maɓallin Motar Kawu Rediyo

Ba a banza ake ce masa Kawu Rediyo ba. Mutumin kirki ne, amma magana ba ta kwana a cikinsa. Sana'arsa rabon ƙwai a shaguna da wata tsohuwar bas wadda ƙofarta sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Da ita ya aurar da 'ya'yansa, kuma ita kaɗai ce abin da suke ci da shi, shi da matarsa.

Da aka fara satar motoci a unguwarsu, hankalinsa ya tashi. Ya kai ta wajen mai gyaran wayar mota, aka yanke wayar da ke kai wuta daga makulli, aka haɗa ta da ɗan maɓalli, aka ɓoye a ƙarƙashin kujera. In ba a danna shi ba, ko ka murɗa makulli har hannunka ya gaji, mota ba za ta tashi ba.

Abin ya burge Kawu. Kafin yamma ya nuna wa mai faci, ya nuna wa mai aski, har da wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya.

A bakin maƙwabciya matarsa ta ji inda maɓallin yake.

"Baban yara," ta ce, "saura ɓarawon kawai ba ka gaya wa ba. Tashi mu koma."

Suka koma. Ta sa shi ya jira a waje, aka sauya wa maɓallin wuri. Sai dai an bar baya da ƙura: in ba ta cikin motar, wa zai danna? Haka ta fara bin sa rabo. Kowane shago suka gama, sai ya runtse ido, ta miƙa hannu, ya murɗa makulli.

Da farko ya ji kunya ƙwarai. Daga baya ya lura cewa rabonsa da ya zauna hira da ita haka, tun yaran suna ƙanana. Ashe tana da ban dariya. Ashe ta fi shi sanin hanyoyin da ba cunkoso.

Wata safiya yana share motar, yatsansa ya taɓo maɓallin a bayan akwatin gaba. Ya tsaya, labari na masa ƙaiƙayi a baki. Ga mai faci can yana ɗago masa hannu. Amma in ya faɗa, gobe shi kaɗai zai fita.

Matarsa ta shigo, ta gyara zama.

"Rufe idonka," ta ce.

Ya rufe.