Hannun Malam Jibo Mai Rimi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Mayu, 1964, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Jibo, mai kula da lambun renon itatuwa na Dutsin-Ma, bayan jinyar kwana tara.

Malam, shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, ni Tukur, ban taɓa ganin ka yi gaggawa ba. Da hannunka kake tsince irin rimi daga cikin audugarsa, ka shuka a fangali, ka yi masa rumfar kara. Saura wata guda a yi dashe sai ka yaye rumfar, ka rage ruwa. Na taɓa ce maka wannan mugunta ce. Ka yi dariya ka ce, "Tukur, a bakin hanya wa zai bi su da tulu?"

Ba na manta shekarar da mutanen Kurfi suka zo da jakuna bayan ruwan farko, suna neman dashe. Ka haƙa rami, ka zura hannu, ka ce sai danshi ya kai gwiwar hannu. Suka kira ka mai taurin kai. Waɗanda suka matsa suka kwashi arba'in, ko ɗaya bai yi rai ba. Ba ka yi musu gori ba. Da damina ta zauna, kai ka kai musu wasu da ƙafarka. Yau mata masu fura a inuwarsu suke zama.

Ka tafi ka bar mana dashe ɗari uku na hanyar Karofi. Shekaranjiya aka yi ruwa, jama'a suka taru suka ce a dasa su yanzu don girmama ka. Wallahi zuciyata ta so. Sai na durƙusa na haƙa, na zura hannu. Danshin iyakarsa wuyan hannu. Na ce a jira. Wani ya ce, "Ashe Jibo bai mutu ba." Nan hawaye ya ƙwace mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Gogo Saudatu da 'ya'yanku da jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa inuwar kowane rimi ta zame maka sadaka mai gudana. Dashenka na nan, Malam, ba wanda zai taɓa su sai ƙasa ta jiƙe.