Goggon Ganye da Layi na Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai na safe, kafin manyan masana su gama neman inuwar ajiye mota, Goggon Ganye ta riga ta buɗe ɗakin renon tsirrai na cibiyar binciken noma. Sai ta niƙa ganye mai cutar bairas a ɗan turmi, ta tsoma yatsa, ta bi barkono tukunya-tukunya tana shafa wa lafiyayyu, don a ga wane iri ne zai jure. Shekara talatin da ɗaya tana sa wa tsirrai cuta da gangan, kuma duk ma'aikatar ba wanda ya kai ta tausayinsu.

Wata shekara aka ce manyan baƙi na tafe. Shugaban sashe ya shigo zagaye, ya tarar da layi na sha bakwai duk ɗigo-ɗigon tabo, sauran layukan kuwa kore shar.

"Goggo, masu ƙyandar nan a ƙone su kafin Litinin."

"Ranka ya daɗe, ai su ne masu lafiyar."

"Ni da digiri uku ban gani ba?"

"Digirin a ofis yake wuni, ni kuwa a nan."

Ta ɗaga masa ganye ɗaya. Ta ce da cutar ta shiga, ganyen da kansa ya kashe ɗan wurin da ta taɓa, ya bar ta a tsakiyar gawa, ba hanyar wucewa. Tabon nan kabarinta ne. Kyawawan can kuwa ba su yi gardama ba, sun bar ta tana yawo har saiwa.

Shugaba ya ce umarni umarni ne. Irin layin kuwa aikin shekara shida ne, babu ko ƙwaya a ajiye. Goggo ta lallaɓi direban cibiyar, suka kwashe tukwane arba'in zuwa bayan ɗakin janareta, inda babu babban baƙon da ya taɓa leƙawa. Ta sha takardar tuhuma.

Bayan mako uku, kyawawan suka nannaɗe, suka yi rawaya, suka tsuke. Masu ƙyanda suka fito da sabon ganye tas! Direban ya rantse ya ga Goggo, da ciwon gwiwarta, tana rawa tsakanin tukwane. Irin nan ne yau manoma ke layi a kansa. Rahoton binciken ya fito da sunaye tara, babu nata, kuma an gode wa "ma'aikatan gona" a ƙasan shafin ƙarshe.

Ke ce mai ido a yatsa, Goggo. Ke ce kika san bambancin mai rauni da mai ciwo.

Ranar Juma'a ta yi ritaya, aka ba ta agogon bango. Ta juya shi, ta ce, "Yanzu da ba ni da inda zan makara?"

Mun gode, Goggo, Allah Ya ba da hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa, ku koyi duba ganye kafin ku duba fuskar shugaba.