Shanun Mani Sun Shiga Waya

Mani mahauci ko akuya zai saya sai ya tambayi mutum biyar. Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a shagon da ke jikin rumfarsa a kasuwar Batsari, kuma na sha gaya masa wannan halin zai ja masa. Sai ya yi dariya ya miƙo mini tsire.

A Ruma aka haife shi, can bakin daji. Ya gaji fawa, ya haɗa da kiwo har ya tara garke. Shekarar da 'yan bindiga suka kora shanun maƙwabcinsa, suka dawo suka ɗauki maƙwabcin, Mani ya kwaso matarsa Tasalla da yara ya dawo da zama cikin garin Batsari, inda dama rumfarsa take. Shanunsa ya sayar da su kaɗan-kaɗan, wasu a Safana, wasu a nan, don kada a lura. Abu ɗaya yake so, a daina yi masa kallon mai abin hannu, domin a yankinmu wanda aka sani da dukiya shi ake zuwa ɗauka.

Babban ɗansa Kamilu, da ke aiki a Kaduna, shi ya ce a zuba kuɗin a abin da ake kira ETF. Ya ce kamar kwando ne da aka haɗa hannun jarin kamfanoni da yawa a ciki, ka sayi rabonka ta waya, ka sayar ta waya, babu mai gani. Ya aiko masa da bayanin guda uku a takarda, ya ce ya zaɓa shi kaɗai, ya yi shiru.

Shiru! Ai Kamilu bai san ubansa ba.

Gaskiya Mani ya iya duba kaya. Na farkon manyan kamfanoni ne kuma ladan masu kula da shi kaɗan ne, amma akwai bankuna masu cin kuɗin ruwa a ciki. Na biyun an tace shi, babu ruwa babu giya, sai dai ladansa ya ɗara, kuma masu sayensa ba su da yawa. Na ukun na zinari ne. Mani ya ce dabbar da za ka kai kasuwa ka rasa mai tayawa ba dukiya ba ce, don haka ƙarancin masu sayen na biyun ya sa shi kokwanto.

Ya ɗauki takardar ya kai wa Malam Abdulmumini na Islamiyya, ya same shi a zaure cike da magidanta bayan la'asar. Malam ya yi masa nuni su shiga ciki, Mani ya ce duk 'yan uwa ne. A nan aka yi bayanin cewa cinikin zinari yana son hannu da hannu, sai an ƙara bincike. Washegari ya tambayi mai POS. Rana ta uku ya tambayi direban Safana, a cikin mota, da fasinja.

Ranar da na ji masu shayi suna gardamar wanne ya fi, na farko ko na biyu, raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Na ja Mani bayan shago.

"Baba Mani, ka san abin da kake yi kuwa? Ka ɓoye shanu, kana yawo da takardarsu!"

"To ni in sayi abin da ban sani ba?" in ji shi. "Haram nika tsoro, ɗan nan."

Daga ƙarshe ya zaɓi na biyun, tunda shi ne babu haram a ciki. Kamilu ya ce zaɓin ya yi kyau, ni ma da aka yi mini bayani na ga hakan.

Bayan sati biyu, ranar kasuwa, wani mutum ya tsaya da babur a gaban rumfar, rawani ya rufe masa baki. Bai kashe injin ba. Ya yi sallama da ladabi, ya tambayi iyali, har ya ambaci sunan Tasalla. Na tsayar da keken ɗinkina.

"Baba, an ce shanunka sun shiga waya," in ji shi. "Allah shi sanya albarka. Ka riƙa barin ta da caji. Za a kira."

Ya ja babur ɗinsa a hankali ya bi hanyar Ruma. Tsire yana ƙonewa a kan wuta, Mani bai juya shi ba. Ya daɗe yana kallon mutanen da ke wucewa, waɗanda duk ya san su, duk sun san shi. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Rabi'u, cikin waɗanda na tambaya, wane ne?"