Takalman da Ke Gefen Kujera

Mun tashi da asuba kamar mutanen kirki, muka yi sallah, muka ɗaure kaya, sannan muka zauna a ƙofar gida muna kallon mota har rana ta fito sosai. Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 'yan shekarun nan ya san dalili. Ba a yi mata sammako, sai an ga motocin haya sun fara shigowa daga can, an tambayi direbobi lafiyar hanya. Ni da taubashina ne, ɗan ƙanin Inna, a cikin tsohuwar motarsa da yake kira amarya, ko da yake sai an tura ta take yarda ta tashi.

Hoto guda ɗaya ne ya fitar da mu. Mahaifina mutumin Gurbin Bore ne, ya rasu Inna tana da tsohon cikina, don haka ban taɓa ganinsa ba. Sau ɗaya aka ɗauke shi hoto a duniya, shi ma gara ta cinye shi tun ina rarrafe. Bana idon Inna ya fara dushewa, likita kuma ya gaya mini a gefe cewa ba irin wanda ake gyarawa ba ne. Wata rana muna zaune ta ce mini in ta rufe ido tana neman fuskarsa, ta ƙanensa take gani. Ba ta roƙe ni komai ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Da na ji a wajen wani ɗaurin aure cewa mai hoton da ya ɗauke shi yana raye a Ƙaura, kuma bai taɓa wanke hoto ɗaya ba sai biyu, sai na ce tafiya ta kama ni. Da zan fita na tambaye ta abin da ta tuna game da hoton. Ta ce da damina ne, ya sa babbar riga da agogo, ya riƙe rediyo. Daga nan ta shiga wani dogon labarin sababbin takalma da laka, ni kuwa ina ta duba waya.

Mun tsaya a Kasuwar Daji amarya ta sha ruwa, mu kuma muka ci ƙosai mai zafi. Kuɗin da a da zai cika maka leda, yanzu guda biyar yake ba ka, su ma sun rame. Gero ya yi kyau a gonakin bakin titi, amma da ka ɗaga ido can ciki sai ka ga filaye ba a taɓa su da fartanya ba. Taubashina ya ƙara wuta, muka isa Ƙaura da hantsi.

Ban sha wahalar neman gidan ba. Sunansa na yanka kusan ba wanda ya sani, amma da na ce Baba Kar-ka-motsa, wani mai faci ya yi dariya ya nuna mana lungu a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mun same shi a zaure a kan buzu, ɗan tsoho siriri mai farin gemu, idonsa garau, kunne ne dai sai an ɗaga murya. A kusurwa ga akwatin aikinsa na katako a kan ƙafafu uku, an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle. Kowace safiya, in ji shi, sai ya goge shi, ko da yake rabon da ya ɗauki mutum da shi ya manta.

Baba mai son hira ne, ni kuma mai son ji. Ya ce yana saurayi yana dako a tasha wani Bayarabe ya sauka daga jirgi da wannan akwati. Ya yi masa ɗaukar kaya shekara biyu, yana kallon hannunsa, har ranar da mutumin zai koma garinsu ya bar masa akwatin. A cikin akwatin ake komai. Ya cusa kai a baƙin ƙyalle, ya daka wa mutum tsawa kada ya motsa, ya cire murfin gilashi ya ƙirga uku ya mayar, sannan ya zura hannu ciki ya wanke takardar da lalube, ya ɗauraye a bokiti, ya shanya a rana. Malamai sun yi masa wa'azi, tsofaffi sun ce yana rage wa mutane kwana, amma ranar kasuwa layi ake yi. Yana ɗora kayan a kan keke, daga baya a bayan a-kori-kura, ya ci kasuwar Shinkafi, ya ci ta Zurmi.

Da na kawo maganar riga da agogo da rediyo, sai ya kama dariya har da tari. Ashe duk nasa ne. Manomi ya zo kasuwa da ƙura a jiki, ba zai so a aika wa dangi hotonsa haka ba, shi ya sa Baba yake yawo da babbar riga ɗaya, hula ɗaya, agogon da bai taɓa aiki ba, da rediyon da babu komai a cikinsa. Kowa ya sa, ya zauna, ya tashi, ya tuɓe wa na bayansa. Hoto na biyu kuwa ajiyewa yake yi saboda gobara da gara da mutuwa. Da ya daina aiki sai ya ga bai kamata mutanen wani gari su zauna a ɗakinsa ba. Ya kai na Shinkafi wurin wani tela abokinsa, na Zurmi kuma wurin wani wanzami, ya ce duk wanda ya zo neman nasa a ba shi. Babu suna a bayan ko ɗaya, don bai yi boko ba, ajaminsa ma ya ce shi kaɗai ke iya karantawa. Mahaifina fataken albasa yake bi, yana iya zama ko'ina a cikin biyun. Muka zaɓi Shinkafi saboda washegari Alhamis ce, ranar kasuwa, za a samu motoci da yawa a hanya.

Mun bi ayarin motoci, da shingayen jami'an tsaro da na daina ƙirgawa. Kasuwar Shinkafi ta rage a kan yadda na san ta, amma har yanzu kasuwa ce: raƙuma, buhunan albasa, mutanen Nijar da rawunansu suna ciniki da sefa, babura kuma kamar fara. Mun ci hoce, wainar dawa ta mutanen yankin, da ƙuli a wata rumfa, taubashina ya ci uku yana cewa bai kai na gidansu ba.

Telan yana nan, ya tsufa shi ma. Ya jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin keken ɗinkinsa ya zazzage mana a tabarma. A nan na gane abin da ya ba Baba dariya. Maza sun fi ɗari, duk riga ɗaya, hula ɗaya, kowa ya turo hannu gaba don agogo ya fito, kowa ya ɗora rediyo a cinya, kowa ya zare ido saboda tsawar da aka daka masa. Na yi ta ɗagawa ina ajiyewa ina neman hancina a fuskar baƙi. Can na tsinci wani mai faɗin goshi irin nawa, na miƙa wa telan. Ya duba ya ce wannan ai mahauci ne na Galadi, 'ya'yansa suna nan da rai, ba su dai damu su zo su karɓa ba. Taubashina ya ce in na matsu a tafi da shi haka nan, ko ba komai na samu dangi masu nama. Na yi dariya don kada ya ga idona. Ko hoton yana cikin tarin nan, ba ni da yadda zan gane shi, kuma ba zan kwashe mazan mutane ɗari in zube wa Inna ta yi ta ƙura musu idon da ya rage mata ba.

Muka koma Ƙaura kafin la'asar ta yi sanyi, na sake zuwa zauren Baba na gaya masa na haƙura. Ya ce in maimaita masa duk abin da tsohuwa ta faɗa, kada in rage komai. Na faɗi damina, na faɗi riga. Sannan cikin jin kunya na tattaro abin da kunnena ya kama na labarin takalma: wai ranar ya sayi sababbi, ya ƙi taka laka da su, ya dawo gida da su a hammata. Baba ya ɗaga hannu.

"Kai yaro, huska kaka biɗa? Riga tawa ta, agogo nau na, rediyo nau na. Takalmi ko kowa da nashi ya zaka. Ni kau ban taɓa yanke ma mutum ƙahwahu ba, tun daga hula har ƙasa nika ɗauka. Koma ka dubi ƙasa."

Ya ce ba zai yi mini ƙarya ya ce ya tuna fuskar ba. Amma ya tuna wani mai taurin kai a Zurmi, a gindin tsamiyar da yake kafa labulensa, wanda aka yi juyin duniya ya sa takalmi ya ƙi, ya ce sai dai a ɗauke su a gefe.

Washegari muka kama hanyar Zurmi, ta fi ta jiya shiru. Ƙauyuka biyu da muka wuce ba hayaƙi ba akuya. A cikin gari kuwa mutane sun yi yawa, waɗanda suka baro gidajensu sun cika kowane zaure da kowane kango. Wanzamin ya rasu, amma matarsa tana nan, wata dattijuwa mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ɗakinta ɗaya, ta raba shi da iyalin ƙanwarta da suka yi gudun hijira, duk da haka adakar hotunan tana nan a kan duwatsu huɗu, an barbaɗa busasshen ganyen darbejiya a ciki saboda ƙwari. Ta ce sau biyu ana ce mata ta zubar ta samu wurin ajiye hatsi, ta ce amanar mai gida ce.

Muka zauna a tsakar gida, muka riƙa rufe fuskokin hotunan da tafin hannu muna duban ƙafafu. Ban taɓa sanin ƙafa tana da labari haka ba. Ga masu takalmin taya, ga mai fade, ga wanda ya aro sau-ciki ya fi ƙarfin ƙafarsa, ga faso kamar gonar da ta sha rani. Taubashina ya duƙufa yana dubawa tare da ni. Shi ne ma ya tsinto shi, ya miƙo mini.

Ƙafafu biyu ba takalmi, da laka har idon sawu. A gefen kujera ga takalma sau-ciki an jera su daidai, suna ƙyalli, an ɗora su a kan wani ɗan kwali don kada su taɓa ƙasa. Na daɗe kafin na janye hannuna daga fuskar. Saurayi ne, bai kai shekarun babban ɗana ba. Bai yi kama da ni ba ko kaɗan, kuma shi kaɗai ne a duk adakar da tsawar Baba ba ta hana shi murmushi ba.

Dattijuwar ta ce ba a fita da hoto haka nan. Ƙa'idar da Baba ya bari ita ce a faɗi sunan mai shi a fili, a yi masa Fatiha in ya rasu. Na faɗi sunan mahaifina, muka ɗaga hannu mu uku, har da matan da ke daka a gefe suka ajiye taɓarya suka shafa tare da mu. A nan na yi kukan da ban yi niyya ba.

Da muka biyo ta Ƙaura na nuna wa Baba. Ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya juya shi, ya ce ruwan maganin da ya wanke shi da shi ranar ya ɗan tsufa, da ya fi haka fitowa. Taubashina ya roƙe shi ya tsaya kusa da akwatinsa ya ɗauke shi da waya. Baba ya gyara hula ya tsaya, ya ce a nuna masa. Ya duba ya mayar da wayar, ya ce ina ƙafafunsa. Sai da aka sake sau uku.

Mun shiga Gusau kafin magariba, amarya ba ta ba mu kunya ba sai a kwanar gidanmu, inda muka ƙarasa da turi. Abin da na riƙe daga tafiyar nan bai da yawa. Na ga mutanen da ba su da wurin kwanciya sun ba amanar wani wuri a ɗakinsu. Na kuma gane cewa da na ajiye waya na saurari tsohuwa ranar da zan fita, da ban kai Shinkafi ba.

Na sami Inna a kan tabarma a tsakar gida, da sauran haske. Na durƙusa na sa mata hoton a hannu. Ta kai shi dab da idonta na dama, wanda ya fi gani, ta fara daga sama ta sauko a hankali. Ta daɗe a fuskar. Ta ce shi ne, ta kuma cewa shi ne, ta ce ashe haka kunnuwansa suke. Da ta iso ƙasa sai ta yi 'yar dariya, ta ɗora yatsa a kan takalman.

Na ce, "Inna, wai me ya hana shi sa su? Ko don hoton ai ya sa."

Ba ta ɗago ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta kuma cika duban idona in za ta yi magana mai nauyi.

"Aje su ya yi," ta ce. "Cewa ya yi sai ranar sunanka."