Sulallan Auwalu da Na Goge a Doha

Kano

Ana sallame asuba direba ya iso. Matar ƙanena Auwalu, wanda likita ne a Doha, ta haihu a shekarar gasar ƙwallon duniya, ni aka tura zaman jego. A filin jirgi aka duba katin rigakafin korona, na maƙala takunkumi. Jirgin cike yake da samari 'yan kallo, kaina har ciwo ya yi don hayaniyarsu.

Gharrafa

Auwalu ya tarbe ni, ya kai ni gidansa a unguwar Gharrafa. Tun a mota yake min labarin tsofaffin sulallan zinariya da azurfa da yake tarawa, waɗanda aka buga a tsohuwar maƙerar kuɗi ta Dimashƙu. Ni kuwa barci nake ji.

Ban iya zaman banza a gidan mutane ba. Wata safiya ya fita aiki, na ga sulallan azurfa a kan faranti, baƙi ƙirin. Na ce ji ƙazanta, likita guda! Babu toka a garin, sai na sa lemon tsami da soson ƙarfe. Na dirje su fes har suna ɗaukar ido.

Da ya dawo ya daɗe tsaye a kansu.

"Yaya, wannan baƙin shi ne darajarsu. Babban kuma ba nawa ba ne, aro ne."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Muntaza

Na dage sai na bi shi wurin mai babban sulen, wani dattijon Balarabe a unguwar Muntaza. Tasi ta sauke mu, aka zuba mana gahawa. Na ce a faɗa masa ni ce na goge. Dattijon ya juya sulen nan a tafinsa, ya ce na mahaifinsa ne, ya ce halas, wato ya wuce. Auwalu ya miƙa masa wani ɗan akwati, suka yi ta ja, ƙarshe dattijon ya karɓa. A hanya ban iya ɗaga kai ba.

Gida

Ranar tafiyata maijego ta faɗa min abin da ke akwatin. Dinarin zinariyar Auwalu ne, wanda ya fi so, ya yi shekaru yana nemansa.

Na sauka Kano lafiya, alhamdu lillahi. Na kira shi in ba shi haƙuri, sai ya riga ni.

"Yaya, mun gode da ɗawainiya, Allah Ya saka."

Na kasa cewa amin.