Tozon Sa a Saman Benenmu na Hayyus Sabi'

Mahaifina mahauci ne, kakana ma haka. Ban taɓa ɓoyewa ba, ko da na zo karatu Alƙahira inda kowa ke kiran kansa ɗan malamai.

A gidan hayarmu na unguwar Hayyus Sabi' akwai wani ɗalibi ɗan Birazil, sabon musulunta, dogo, Larabcinsa na littafi ne tsantsa. Babbar Sallar 2012 muka haɗu mu bakwai muka yi layya da sa guda. Ni na feɗe, tunda ba mai iyawa. Ina cikin yanka ɗan Birazil ɗin ya tsuguna ya nuna tozo.

"Ya akhi, bar mini wannan da haƙarƙari. Yau za ka ga gashin mutanenmu."

Muka hau saman bene da hantsi. Ya jera bulo, ya hura itace har ya zama garwashi, sannan ya soke naman a dogayen ƙarafa. Na miƙa masa yajin da na zo da shi daga gida, ya girgiza kai.

"Gishiri kawai."

"Gishiri kawai? Wannan ai gashin marasa lafiya ne."

Ya yi dariya. Yana juya ƙarfe yana ba ni labari: kakansa makiyayi ne a kudancin ƙasarsu, bisa doki yake bin shanu. Inda yunwa ta same su nan suke tona rami, su kafa nama gefen wuta, kowa ya yanka da wuƙar ƙugunsa. Ya ce yanzu a manyan gidajen abinci ma, masu kawo nama shigar makiyaya suke yi, su zagaya teburi da ƙarfe da wuƙa suna yanka wa attajirai, kuma ba wanda ke jin kunya.

Muna nan sai ga wani babban ɗalibi ɗan garinmu ya hau, wanda muke kira Malam don ya girme mu a karatu. Tare yake da baƙi biyu Larabawa. Ya dubi jinin da ke hannun rigata ya yamutsa fuska. Da Hausa ya yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Haba kai kuwa. Hamada ka tsallako neman ilimi, amma fawa ba ta bar ka ba? Sauka ka canja kaya, kada ka ba mu kunya gaban mutane."

Ban amsa da Hausa ba. Na juya ga baƙin na ce da Larabci, da ƙarfi:

"Marhabin da ku. Ni ɗan mahauci ne, jikan mahauci. Abokina kuma jikan makiyayi ne. Ku zauna ku ci aikin gidajenmu."

"Khalas, ya isa," in ji Malam.

"Bai isa ba, Malam. Wuƙar nan ce ta ciyar da ni har na iya karatun da kake magana. Nan zan tsaya."

Ɗaya daga cikin baƙin ya zauna a kan bulo, ya ce shi ma kawunsa mai shagon nama ne. Abokina ya ɗaga ƙarfen tozo ya yanko masa siriri, mai na ɗiga. Malam ya ce yana da uzuri, ya sauka bai taɓa ko yanka ɗaya ba. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da kyau, ni kuwa ban fasa gaishe shi ba.

Tozon ya yi daɗi, gaskiya, ko da yake na faki ido na barbaɗa wa nawa yaji.

Daga ranar muka mai da gashin al'adar duk Juma'a bayan masallaci, har maƙwabta na ƙasa suka fara hawowa da gurasa. Washegari in tafi darasi jallabiyata na warin hayaƙi, in wuce kai tsaye sahun gaba in zauna.