Malam Umaru Mai Gareji Ya Tafi

Da safen nan ina kicin, ruwan shayi ko tafasa bai yi ba, Mama Tabita ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu yi ba. Ta ce, "Kulu, Malam ya tafi." Na ce ya tafi ina? Sai na ji tana kuka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Umaru na Tudun Wada, wanda aka fi sani da Malam Mai Gareji, ya rasu bayan sallar asuba. An kai shi makwancinsa da hantsi. Yanzun nan na dawo daga gidan, na kasa cin abinci, na kasa kwanciya, shi ya sa na ɗauki waya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon malamin firamare ne. Da ya yi ritaya sai ya sayar da tsohuwar motarsa, ya share garejin, ya shimfiɗa tabarmi ya jera benci uku. Duk Asabar bayan la'asar ƙofa a buɗe take. Mai son wasan kwaikwayo ya zo, mai son zane ga kwali da fenti, mai son waƙa ga kusurwarsa. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Mama Tabita da ta kira ni tela ce a Sabon Gari, daga Filato iyayenta suka zo, kuma ita ke ɗinka mana kayan wasa da ragowar yadi tun ranar farko. Ran Lahadi tana coci, ran Asabar tana gareji tana yi mana faɗa kan mun yaga mata babbar riga.

Ni daga Bungudu aka kawo ni nan Gusau wurin gwaggota don in yi sakandare. Ina da in'ina mai tsanani a lokacin. A aji ba na ɗaga hannu ko na san amsa. In aka aike ni shago, a takarda nake rubuta abin da zan saya.

Hanyar injin markaɗe ta bi ta gaban garejin. Asabar uku a jere ina tsayawa da roba a kai ina leƙe ta taga. A ta huɗu Malam ya fito ya ce, "Ɗiyata, markaɗen nan zai yi tsami. Kai shi gida ki dawo, akwai wuri."

Na dawo.

Matsayin farko da ya ba ni, tsohuwa mai sayar da daddawa. Magana ɗaya tak: "Daddawa ta ƙare, sai gobe." Na miƙe, na buɗe baki, na maƙale a kan "da". Da, da, da. Yara suka fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam bai tsawata wa kowa ba. Ya ce, "Ba laifinta ba ne, daddawar ce ta cika 'da'." Aka sake yin dariya, amma wannan karon ba ni ake yi wa ba. Sannan ya ce, "Rera shi, Kulu. Kamar mai talla."

Na rera, ya fita sumul. Ban taɓa sanin cewa in ina waƙa harshena ba ya sarƙewa ba. Wata shida muka yi a haka, daga rerawa zuwa magana a hankali, daga nan zuwa magana sosai. Yau ni ce nake tsayawa gaban ɗalibai sittin ina koyar da Hausa. In'inar ba ta tafi duka ba, tana leƙowa in na gaji. Amma na daina jin tsoronta.

Da labari ya kai wa Baba cewa ina wasan kwaikwayo, ya aiko a gaya mini in bari ko in dawo gida. Na je na gaya wa Malam ina kuka. Washegari ya hau babur ɗinsa har Bungudu, ya iske Baba a gona yana noman gero, ya zauna ƙarƙashin itace har Baba ya kai ƙarshen kuyyar da yake nomewa.

Baba ne ya ba ni labarin daga baya. Ya ce masa, "Malam, ɗiya mace gaban jama'a? Mi mutane za su ce?"

Malam ya ce, "Ban zo roƙo ba, Malam Shehu. Za mu kawo wasan nan garinku. Ka zauna ka gani da idonka. In ka ga abin da bai dace ba, ni da kaina zan sallame ta."

A filin wata firamare aka yi, da rana tsaka. Labarin wa da ƙane ne da suka yi shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona, ni kuma na fito a matsayin uwarsu. Ina hango Baba can baya, ya harɗe hannu. Da na ɗauki muciya na kore su duka biyu, sai na ga ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa.

Da aka tashi bai yabe ni ba. Abin da ya ce kawai, "Ashe kina da murya." Ya juya ya ce wa Malam ya tsaya ya sha fura.

Sai shekarun nan na 'yan bindiga suka zo, waɗanda duk ɗan Zamfara ya san su. Hanyoyi suka zama abin tsoro, iyaye suka daina barin yara su yi nisa, mu ma muka daina fita garuruwa. Akwai Asabar ɗin da mu huɗu ne kawai a garejin. Na ce masa, "Malam, ko mu dakata har abubuwa su lafa?" Ya ce, "In munka rufe, wa zai gaya wa yaran ranar da munka buɗe?" Muka yi wasanmu mu huɗu, ya ɗauka da waya, ya tura wa duk wanda yake da lambarsa.

Bara ya dage sai mun je Tsafe, wurin matan da suka baro ƙauyukansu suna zaune da yara a gidajen dangi da kangwaye. Gaskiya na ji tsoro, kuma na gaya masa. Na ce mutanen da suka rasa gida da miji, wasa za mu kai musu? Ya ce abinci wasu na kaiwa, Allah Ya saka musu, mu abin da muke da shi ke nan. Muka fita da safe a mota ɗaya, da sharaɗin mu juyo kafin la'asar.

Wasan na ban dariya ne, wata mata ce akuyarta ta ɓace ta bi unguwa tana zargin kowa. Minti goma muna yi, ba wanda ya ko murmusa. Matan na zaune suna kallonmu kamar ba sa ganinmu.

Can sai wata dattijuwa, Inna Rabi, ta ce daga inda take zaune, "Ba haka ake kiran akuya ba."

Muka tsaya cak. Malam ya ce, "To Inna, taso ki gwada muna."

Ta miƙe, ta gyara zane, ta shigo tsakiyar fili. Ta karɓi ƙwaryar dusa daga hannuna, ta karkaɗa, ta yi wani irin kira da harshe wanda ni ban iya ba har yau. Wallahi sai ga akuyar maƙwabta ta gaske ta shigo da gudu. Wurin ya kece da dariya, har da masu share hawaye. Inna Rabi ta ƙi fita, ita ta ƙarasa wasan, mu muka koma 'yan rakiya.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka wuce rabi. Sannan Malam ya ce, "Kun ga, ta fi mu iyawa."

Yanzu haka matan suna da ƙungiyarsu a Tsafe, su tara, Inna Rabi ce shugaba. Su ke tsara labarinsu da kansu. Ɗazu na ga uku daga cikinsu a gidan gaisuwa, sun shigo motar farko.

Ganina na ƙarshe da shi Asabar biyu da suka wuce ne. Jiki ya riga ya yi rauni, an fito masa da kujera bakin garejin, Inna Balki matarsa ta lulluɓa masa bargo a ƙafa. Ni ke jan gwajin sabon wasa, yara sai kuskure suke yi, ni kuma sai katse su nake. Ya yafito ni da hannu. Na durƙusa kusa da shi, ya ce a hankali, "Kulu, bari su kai ƙarshe tukuna. Wanda anka katse sau uku ba ya sake buɗe baki."

Na ce to, Malam. Da zan tafi ya tambaye ni jikin Baba, ya ce in gaishe shi. Ban san sallama ke nan ba.

Tun safe abin da ke cina, ban da rashinsa, shi ne garejin. Yara sama da talatin ke zuwa yanzu. Ban iya tambaya ba, ba ranar tambaya ba ce. Sai da na je yi wa Inna Balki sallama, tana zaune cikin mata da carbi, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke da Tabita ku zo ran Asabar ta sama. Ni ba zan iya jin garejin nan shiru ba."

Mama Tabita na gefe, ta ce rigunan sabon wasan saura guga kawai.

Don haka za mu buɗe, in Allah Ya yarda. Asabar ta sama, bayan la'asar, kamar kullum. In kana da yaro ko yarinya mai son zane ko wasa ko waƙa, musamman mai kunyar nan da ba ya magana a gida, ka kawo shi. Tsofaffin 'yan gareji da ke Gusau da Bungudu, ku ma ku zo, muna bukatar hannu.

Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Balki da 'ya'yansa haƙuri. Allah Ya zaunar mana da jiharmu lafiya, Ya mayar da Inna Rabi da 'yan uwanta gidajensu.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka sa shi a addu'arka ta yau.